Ruwan Rariya Ya Koma Randa

Bahaushe yana yi wa ruwa kirari da abokin aiki, kuma duk wanda ya taɓa wuni da ƙishirwa a tsakiyar bazara ya san kirarin bai yi yawa ba. Da ruwa ake tarbar baƙo tun kafin a tambaye shi labarin hanya, da shi ake wankan jariri, da shi kuma ake yi wa mutum wankansa na ƙarshe. Amma fa akwai wani ruwa guda wanda Bahaushe ba ya abota da shi ko kusa, watau ruwan da ya riga ya gama aikinsa ya fita daga gida. Muddin ruwa ya bi ta rariya ya faɗa kwata, to, an yi sallama da shi ke nan. Yaro in ya taka shi sai an wanke masa ƙafa kafin ya hau tabarma, babba kuwa in mai babur ya fallatsa masa shi a riga, sai ya koma gida ya sake wata kafin ya shiga sahu.

To, ga shi kuwa a duniyar nan akwai biranen da suke tara irin wannan ruwa, har da wanda ya fito daga makewayi, su tace shi, su mayar da shi cikin famfo, jama'a su sha su yi girki. An fi shekara hamsin ana yin haka, kuma a nan nahiyarmu ta Afirka aka fara. Na san tun daga nan wani mai karatu ya riga ya yamutsa fuska ya tofar da yawu. Ina roƙonsa ya yi haƙuri ya biyo ni, domin wannan yamutsa fuskar ita ce ainihin abin da nake so mu duba. Ni ɗalibin Hausa ne, saboda haka ta ƙofar harshe da al'ada zan shigo wa maganar. Tambayata ita ce, da me muke auna tsabtar ruwa? Da inda ya fito, ko kuwa da halin da yake ciki a lokacin da ya iso bakinmu?

Birnin Da Ba Shi Da Kogi

Windhoek shi ne babban birnin ƙasar Namibiya, can kudu maso yammacin Afirka. Garin yana kan tudu tsakanin hamada biyu, Namib daga yamma, Kalahari daga gabas. Ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce kamar milimita 360 ba, watau ko rabin na Kano bai kai ba, sa'an nan zafin rana da busasshiyar iska suna shanye ninkin ba ninkin wannan daga duk wani tafki da ke buɗe. Kogunan da ke gudana rani da damina kuwa duk suna can wajen iyakokin ƙasar, mafi kusa da birnin tafiyar kamar kilomita 700 ce. Mai karatu ya kwatanta a ce Kanawa ba su da kogin ɗiba sai sun wuce Lakwaja.

Da farko garin ya dogara ne da maɓuɓɓugai da rijiyoyin burtsatse. Da jama'a ta yi yawa aka gina madatsar ruwa a wani wuri da ake kira Goreangab, a ƙarshen shekarun 1950, ita ma ba da daɗewa ba ta gaza. Sai masu kula da ruwan birnin suka zauna suka duba, suka ga cewa ruwa ɗaya ne kaɗai suke da shi wanda fari ba ya hana shi zuwa, wanda kuma yake ƙaruwa duk lokacin da mutane suka ƙaru, shi ne ruwan da ke fitowa daga gidajen mutanen kansu. A shekarar 1968, lokacin ƙasar tana hannun Afirka ta Kudu, shekara ashirin da biyu kafin ta sami 'yancin kai a 1990, aka buɗe ma'aikatar tace wannan ruwa a Goreangab. Ita ce ta farko a duniya da ta ɗauki ruwan dauɗar gari ta tace, ta zuba shi kai tsaye cikin ruwan shan garin.

A shekarar 2002 aka buɗe sabuwar ma'aikata kusa da tsohuwar, wadda ke iya fitar da lita miliyan 21 a kowace rana. In muka auna da jarkar masu kurar ruwa mai lita 25, jarka 840,000 ke nan tsakanin wayewar gari da wata wayewar. Ba a sha shi tsura, ana haɗa shi ne da ruwan madatsu da na burtsatse, kuma bisa ƙa'ida rabonsa ba ya wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga bututun birni. A duk tsawon waɗannan shekaru ba a sami wata annoba da aka danganta da shi ba. Wani masanin ruwa ɗan Afirka ta Kudu mai suna Lucas van Vuuren, wanda yana cikin waɗanda suka yi aikin farko, ya bar wata magana da har yau masu wannan sana'a suke maimaitawa, ma'anarta ita ce a yi wa ruwa hukunci da ingancinsa, kada a yi masa da tarihinsa.

Soro Bayan Soro

Yaya ake yi? Wanda ya san fasalin gidan sarauta a ƙasar Hausa ba zai sha wuyar ganewa ba. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida haka kawai. Sai ya wuce soron farko, ya wuce na biyu, ya wuce na uku, kowane da mai tsaronsa, in ya kuɓuce wa wannan ba zai kuɓuce wa wancan ba. Haka aka tsara tace ruwan Windhoek, kowace irin dauɗa an aje mata masu tsaro fiye da ɗaya.

Soron farko ma tun a cikin gari yake. An raba ruwan masana'antu da na gidaje, kowane da hanyarsa, domin gubar da ke fitowa daga majema da wuraren sarrafa sinadarai ta fi ƙazantar gida wuyar fita. Ruwan gidaje kaɗai ake kaiwa wata ma'aikata mai suna Gammams, inda ake tsame tarkace, a bar laka ta kwanta, sa'an nan a saki wasu ƙwayoyin halitta marasa cutarwa su cinye ƙazantar da ta narke a ciki. Ruwan da ya fito daga nan ya riga ya yi hasken da za a iya ban ruwan lambu da shi, amma bai isa sha ba. Shi ne ake turawa Goreangab.

A can kuma sai a busa masa iskar ozon, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta ta kuma farfasa abubuwan da ke sa launi da wari. Sai a zuba maganin da ke dunƙule 'yan ƙananan dauɗa wuri ɗaya, kamar dai yadda iyayenmu mata suke jefa alif a cikin ruwan tafki. Sai a saki ƙananan kumfan iska daga ƙasa su ɗago dunƙulen sama a yaɗe. Daga nan ruwan ya ratsa ta cikin yashi, a sake busa masa ozon, ya ratsa ta cikin wani irin gawayi da aka sarrafa musamman don ya riƙe ragowar magunguna da sinadarai. Kusa da ƙarshe akwai wata rariya mai ƙofofi ƙanana ainun, waɗanda ido ba ya gani, ƙwayar cuta ma ba ta iya kutsawa. Sa'an nan a sa kulorin don ya tsare ruwan a kan hanyarsa ta zuwa gidaje. A kowane mataki akwai na'urorin awo dare da rana, in ruwan ya kasa cika sharaɗi sai a tsai da shi, ba a bari ya wuce gaba.

A nan ne ɗalibin harshe zai tsaya ya yi murmushi. Kalmar rariya a Hausa suna ce ta abu biyu. Ita ce ƙofar da ake hudawa a gindin katanga don ruwan dauɗa ya fita, ita ce kuma abin da ake tankaɗe gari ko tace gasara da shi. Watau kalma ɗaya ta haɗa mafitar ƙazanta da matatar abinci. Abin da mutanen Windhoek suka yi bai wuce haɗa ma'anonin nan biyu ba, ruwan da ya fita ta rariyar katanga suka mai da shi ta rariyar tata.

Ƙyama Ba Ta Jin Hujja

Na taɓa kawo wannan zance a ɗakinmu na kwanan ɗalibai wata rana da famfo ya ɗauke muna jiran mai kura. Na zayyana matakan nan duka ɗaya bayan ɗaya. Wani abokina ɗan ajinmu ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, duk na ji, na kuma yarda. Amma wallahi ko a tace shi sau dubu, ni dai na san inda ya fito." Ɗakin ya kwashe da dariya, amma maganarsa ta fi dariyar nauyi. Bai ce ruwan zai sa shi ciwo ba. Cewa ya yi ya san asalinsa, kuma sanin ya isa.

Wannan hali ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Paul Rozin, shi da abokan aikinsa, sun yi wani gwaji da aka buga a 1986. Suka ɗauki mataccen kyankyaso da aka riga aka kashe duk ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, suka tsoma shi cikin kofin lemo suka cire, suka miƙa wa mutane. Mutanen sun san babu cuta a ciki, amma ransu ya ƙi. Mu ma muna da irin wannan gwaji a gida ba tare da mun je Amurka ba. A sayo sabon fo na yara daga kasuwa, fil a ledarsa, a wanke shi da sabulu, a zuba koko mai zafi da sukari a ciki, a ga wanda zai kurɓa. Zuciya tana da nata lissafin, a wurinta abin da ya taɓa ƙazanta, ko ma ya yi kama da mazubinta, ya ƙazantu har abada.

Ba kuwa zan zagi ƙyama ba, domin ta yi mana rana. Tun kafin a ƙera madubin da ke nuna ƙwayoyin cuta, ita ce ta hana kakanninmu gina masai kusa da madafa, ita ta raba butar bayan gida da moɗar randa. Illarta ɗaya ce, da ido da hanci da labari take aiki, abin da ya ɓuya wa waɗannan uku ya wuce ta. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta yarda moɗa ta taɓa ƙasa, in yaro ya tsoma hannu a randa sai an zubar da ruwan an ɗauraye. Amma ita ɗin dai, in rani ya tsananta rijiyoyin ƙauyenmu suka ja baya, daga tafkin bayan gari ake ɗebo mata, inda shanu suke shiga har gwiwa. Ta sa alif, ta tace da gefen mayafi, in ya kwanta ya yi garau ta ce, "Ku sha, 'yan nan, ruwan Allah ne." A irin waɗannan tafkuna ne kurkunu ya yi ta kama mutanenmu. A shekarar 1988 an ƙidaya masu ɗauke da shi fiye da 650,000 a Nijeriya, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi. Ruwan tafki yana da kyakkyawan suna da mummunan ciki, ƙyama kuwa ba ta taɓa tsai da shi ba.

Abin da ƙyama ke iya jawo wa gari guda, mutanen Toowoomba a ƙasar Ostireliya sun gani. A 2006 fari ya kusa ƙafar da madatsunsu, hukumar garin ta kawo shawarar a tace ruwan dauɗa a zuba a madatsa. Masu adawa suka juya sunan garin suka laƙa masa kalmar kashi a gaba, suka ce duniya za ta riƙa yi musu dariya. Aka jefa ƙuri'a, kamar kashi 62 cikin ɗari suka ce ba su yarda ba. Daga baya sai da aka ja musu bututu daga wata madatsa mai nisa da ake kira Wivenhoe, a kan kuɗin da ya ninka na shawarar farko fiye da sau biyu. A birnin San Diego na Amurka ma, a ƙarshen shekarun 1990, wata 'yar magana ce ta kashe irin wannan shiri, wai "daga masai zuwa famfo".

Masu iya magana sun ce suna linzami, kuma mutanen Singafo sun gane haka. Ƙasarsu tsibiri ce ƙarama, tana sayen ruwa daga maƙwabciyarta Malesiya bisa wata yarjejeniya ta 1962 wadda za ta ƙare a 2061. Da suka tashi tace nasu ruwan sai suka raɗa masa suna NEWater, watau sabon ruwa. A bikin ranar ƙasa na 2002 aka raba dubban kwalabe a filin taro, Firayim Minista Goh Chok Tong ya ɗaga tasa ya sha a gaban kowa. Suka kuma riƙa kai 'yan makaranta su ga yadda ake aikin da idonsu, gani ya kori ji. Galibin ruwan masana'antu ke amfani da shi, a lokacin rani kuma a zuba wani kaso cikin madatsu a sake tacewa tare da ruwan sama.

Kada mu yi wa kowa dariya a kan sha'anin suna. Mu da muke sayen ruwan leda a bakin titi muna kiransa fiyawota, mu nawa ne muka taɓa leƙa inda ake ɗura shi? Sunan muka saya muka sha.

Abin Da Malamai Suka Ce

Ga Bahaushe Musulmi akwai tambayar da ta riga ta likita, ita ce ta tsarki. Ruwan da ya taɓa haɗuwa da najasa, ya halatta a yi alwala da shi? Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ishmawi ko Risala ya san ma'aunin da malaman Malikiyya suka kafa. Siffofi uku ake dubawa, launi da ɗanɗano da ƙamshi. In najasa ta faɗa ruwa ta sauya ɗaya daga cikinsu, ruwan ya ɓaci, ba a ibada da shi, ba a kuma girki. Abin lura a nan shi ne, hukuncin yana rataye ne da siffar ruwan, watau halin da yake ciki yanzu.

Malaman wannan zamani sun zauna a kan ainihin mas'alar tamu. Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar Saudiyya ta ba da fatawa a 1978 cewa ruwan dauɗa in an tace shi sarai, har ya koma asalin halittarsa, babu sauran alamar najasa a launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa, to, ya tsarkaka, ana iya alwala da wanka da shi. Suka ce ana iya shansa ma muddin babu cutarwa ga lafiya, ko da yake sun ga ya fi kyau a bar shansa in akwai wani, saboda kiyaye lafiya da kuma abin da rayukan mutane ke ƙi. Kwamitin fatawa na Musulmin Singafo shi ma ya halatta nasu ruwan. Na so wannan fatawa ta Saudiyya saboda adalcinta, ta raba hukuncin shari'a da ƙyamar zuciya, ta ba kowanne haƙƙinsa, ba ta kuma mai da ƙyama haramci ba.

Sai dai sharaɗin nan na rashin cutarwa shi ne inda aikin yake, domin ido da harshe da hanci ba su isa su tabbatar da shi ba. A birnin Landan a 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin annobar kwalara gida gida har ya kai ta ga wani famfon rijiya guda a titin Broad. Ruwan famfon nan mutane suna yabon daɗinsa, har daga wata unguwa ake aikowa a ɗiba. Daga baya aka gano ramin masai ne dab da rijiyar yake tsiyaya a ciki. Ke nan ruwa yana iya cika siffofin nan uku ya kuma yi kisa. Malami yana da nasa ma'auni, ma'aikacin ɗakin awo yana da nasa, kuma mai shan ruwa yana bukatar su duka biyu.

Mu Fa?

Yanzu bari mu dawo gida, mu faɗa wa kanmu gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ce shi bai taɓa shan ruwan da wani ya yi amfani da shi ba, bai dai bincika ba ne. Kogin Kwara yana ratsa Bamako, ya ratsa Yamai, ya shigo Nijeriya ya wuce Lakwaja da Anaca. Kowane gari yana ɗiba daga sama ya zubar da dauɗarsa a ƙasa, kuma ƙasan wani ita ce saman wani. Haka kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa su gangara Wudil da Haɗeja ɗauke da abin da aka zuba musu. A cikin birnin Kano, Jakara tana kwashe ruwan kwatocin unguwanni, rafin Getsi ya kawo mata na masana'antun Bompai, su tafi har madatsar Wasai. A gefensu kuwa lambuna ne kore shar, latas da alayyahu da kabeji da karas, waɗanda gobe da safe za su iso kasuwa mu saya mu yi kwaɗo.

A cikin unguwanninmu ma haka abin yake. Filaye sun ƙanƙance, kowane gida da masai da rijiya a 'yar tazara, in ba naka ba na maƙwabcinka, alhali ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakaninsu. Ƙasa tana tacewa iyakar ƙoƙarinta, amma ƙasa ba ta da na'urar awo, ba ta kuma tsai da ruwa in ya kasa. Bambancinmu da mutanen Windhoek ke nan. Su sun san abin da suke sha, sun aje masa masu tsaro. Mu kuwa muna shan irinsa ba tsaro, hankalinmu kwance, don kawai ba wanda ya faɗa mana sunansa.

Shin ina cewa ne gobe a kafa irin ma'aikatar Goreangab a garuruwanmu? A'a. Mai son hawa bene daga matakalar ƙasa yake farawa. Windhoek ta iya ne domin tana da bututun da ke tara ruwan gidaje wuri ɗaya, mu kuwa yawancin gidajenmu rami ne da buɗaɗɗiyar kwata. Aikin yana son wutar lantarki wadda ba ta ƙiftawa, da magunguna a kan kari, da ƙwararrun da ba za a riƙe musu albashi ba. Ma'aikatar da aka gina da biki aka bar ta ba gyara ta fi rashinta haɗari, domin mutane za su sha da amana. Abin da ya kamace mu yanzu shi ne mu fara daga soron farko. A tilasta wa masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi. A tara ruwan kwatoci a tace shi gwargwadon da zai dace da lambu da gini da majema, don ruwa mai kyau ya ragu wa masu sha. A gyara bututun da ke yoyo a ƙarƙashin titi. In an yi shekaru ana wannan an ga an iya, sa'an nan a yi maganar randa.

Mu ɗaliban Hausa kuma muna da namu rabon aikin, kada mu ɗauka na injiniyoyi ne kaɗai. Ranar da wannan magana za ta iso gidan rediyo da masallaci da dandalin ƙauye, da Hausa za ta iso, kuma wani daga cikinmu ne zai fassara ta. In ya ce "ruwan masai da aka tace", ya kashe maganar tun ba ta tashi ba, don kunne masai kaɗai zai ji. In kuwa ya lulluɓe ta da zaƙin baki ya ɓoye asalin, ranar da jama'a suka gano ba za su sake yarda da shi ba. Ana bukatar kalmar da ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tayar da zuciya ba. Ni dai tawa gudummawar ita ce "sabuntaccen ruwa", domin ta amsa cewa ruwan ya taɓa tsufa, ta kuma nuna an yi masa aiki. Na ajiye ta a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, wanda ya ga wadda ta fi ya kawo.

Kammalawa

In aka bi maganar nan har gindinta, za a tarar amana ce. Ba mai iya auna ruwan da zai sha da kansa kowace safiya. Wanda ya buɗe famfo a Windhoek ya kafa kai, ya dogara ne da wani ma'aikaci da bai taɓa gani ba, wanda ke zaune gaban na'ura da ƙarfe ukun dare, wanda in awo ya nuna matsala zai rufe bututu ko da gari zai kwana ba ruwa. Wannan amana shekaru hamsin da 'yan kai aka yi ana gina ta, kuma sakaci na dare ɗaya ya isa ya rushe ta. Rariya da gawayi da ozon kuɗi ke sayo su daga waje. Mutumin da zai rufe bututu alhali ba mai ganinsa, shi kam sai dai gari ya haifi abinsa ya yi masa tarbiyya.

Ni in Allah Ya kai ni Windhoek aka miƙo mini moɗa, zan yi bisimilla in sha, ko da zuciyata ta ɗan yi mini gardama. A gida kuwa zan fara tambayar wa ke tsaron soron. Garuruwanmu suna ta faɗaɗa, rijiyar da kakanninmu suka samu ruwa a gaba goma yau jikoki suna kiran mai burtsatse, kuma damina ba ta yi wa kowa alkawari ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ruwan da muke kora ta rariya yau muna toshe hanci, wataƙila shi ne 'ya'yanmu za su nema ido rufe. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya kuma ba mu masu riƙon amanarsa, amin.